Shokan gaban tsohon YZ250: in gyara na jikinsa ko in ɗora kifaffe?

Bashar BK:
Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da war haka. Masana shoka don Allah ku matso kusa. Wasunku sun san mashin ɗin nan da na shigo da shi ta Kamba bara, Yamaha YZ250 ƙirar 1984, wanda na saya hannun wani bakanike ɗan Dosso. Inji dai Alhamdulillah mun gama da shi, bugu biyu yake tashi. Gaba ne ya hana ni barci. In na taka birki sai kansa ya nutse kamar raƙumi zai durƙusa, amma kuma in na shiga gargada da gudu, irin burjin nan mai haƙarƙari na bayan Dukku, sai ka rantse an yi wa shokan walda, duk bugun a wuyan hannuna yake ƙarewa. Jiya na tsallake wani ɗan kwari da ko gwiwa bai kai ba, na ji ƙwam, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Ga kuma mai na tsiyaya a ƙafar hagu. To wani a Ƙofar Ruwa Kano ya turo min hoton gaban YZ na 2001 sukutum, kifaffen nan mai kauri a sama, da kilam ɗinsa (ƙarfen da ke riƙe ƙafafun shokan a wuyan mashin) da taya da birkin faifai, ɗan Beljiyam. Kuɗin da ya kira ba na wasa ba ne. In saya in ɗora, ko in lallaɓa na jikinsa? Nauyina kilo 88.

Ɗan Gesse:
Wa alaikumus salam. Oga Bashar wannan ai ba tambaya ba ce, tura masa kuɗinsa kafin wani ya riga ka. Na 2001 ƙirar kamfanin Kayaba (KYB) ne mai kaurin milimita 46, katirij ne a ciki, wato bututu mai bawul da ke sarrafa gudun mai, kuma yana da wurin murɗawa sama da ƙasa, ka tausasa ko ka ƙarfafa da sukundireba kawai. Naka na 84 fa? Fayif ne da sifirin da mai, shi ke nan. Sannan ka rabu da birkin ganga ka koma faifai. Wa zai ga doki ya hau jaki.

Kabiru Jega:
Mashin ɗin da ya girmi mai shi ai dole gwiwarsa ta yi ciwo 😂

Oga Sani Argungu:
Salamu alaikum. Bashar ɗana, kahin ka tura ma kowa ko sisi, tambaya guda ni ka yi maka. Tun da ka sayi wanga mashin, ka taɓa kwance shokan nan ka ga abin da ac ciki?

Bashar BK:
Gaskiya Oga ban taɓa ba. Inji na bi.

Oga Sani Argungu:
To ka ji. Mutum bai buɗe tukunya ba shina cewa miya ta lalace. Ni shekarata talatin da wani abu ina kwance shoka, tun zamanin da malaman gona ka yawo bisa AG100 da DT. Wallahi akasarin waɗanda anka kawo min ana cewa sun mutu, in ka juye su abin da ka hitowa baƙin ruwa na mai wari kamar kwatami, wani ma ƙahwa guda ba ta da mai ko cokali. Wanga abin da kac ce, shi nutse in ka taka birki kuma shi buga ƙasa, sifirin da ya gaji da ƙarancin mai duk suna kawo shi. Kwance tukuna. Kananzir ka wanke, ka canza oyil sil da bushin, ka zuba mai daidai, ka hau. In bai yi ba sannan mu yi maganar Kano.

Ɗan Gesse:
Baba da girmanka, amma ko sabo fil aka ciro shokan 84 daga kwali ba zai kamo ƙafar na 2001 ba. Shekara 17 ke tsakani fa.

Injiniya Nura:
Ku biyun kowa na da gaskiyarsa, bari in ɗan warware don Bashar ya san abin da yake saye da abin da yake bari. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Shokan jikin mashin ɗinsa Kayaba ne mai kaurin mili 43, tafiyarsa wajen mili 300. A ƙasan kowace ƙafa akwai wata sanda mai rami a ciki, an huda ta a gindi. In taya ta daki abu, shokan ya matse, mai ne ake tilasta wa bi ta waɗannan hujin. To huji ba ya ƙara faɗi ba ya raguwa. In shokan na matsewa a hankali, kamar lokacin taka birki, man yana wucewa salin alin ba abin da ya tare shi, shi ya sa kai ke nutsewa. In kuma bugun na farat ɗaya ne kamar dutse ko haƙarƙarin burji, man ba ya samun hanyar wucewa da sauri, sai shokan ya ƙage. Lissafin ma shi ne in saurin ya ninka biyu, turjiyar ninkawa huɗu take yi. Ku gwada da sirinji, ku cika shi da ruwa ku danna a hankali, sannan ku buga masa tafin hannu da ƙarfi, za ku ji yadda yake tokarewa. Abu biyun da Bashar ya kawo ƙara, laushi wurin birki da tauri wurin gargada, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kuma a nan ne zan ɗan saɓa wa Oga Sani: wanki da sabon mai za su rage abin sosai amma ba za su kashe shi ba, don haka aka ƙera shi. Ka zuba mai kauri, nutsewa ta ragu tauri ya ƙaru. Ka zuba mai ruwa-ruwa, tauri ya ragu nutsewa ta ƙaru.

Shi kuwa katirij, maimakon huji tsayayye, wasu siraran faya-fayan ƙarfe ne aka jera a bakin hanyar man, kamar reza-reza. Bugu ƙarami ya ɗan lanƙwasa su, bugu babba ya buɗe su sosai man ya wuce. To wannan shi ne ainihin ci gaban, ba kifewar ba. Shaida ita ce Honda CR250 ta 1987, shokanta a tsaye yake irin na da, Showa mai mili 43 amma da katirij a ciki, har yau masu tsofaffin mashina na yabonsa. Da suka koma kifaffe a 1989 kuka aka yi ta yi da shi saboda tauri. Amfanin kifewa shi ne ɓangaren mai kauri ne ke cikin kilam, gaba ba ya murɗewa in an dira daga tsalle mai nisa. Bashar, tsalle nawa kake yi a sati?

Bashar BK:
Injiniya wane tsalle, ni da ke da 'ya'ya uku 😅 Fadama nake shiga ran Asabar da Lahadi, wani lokaci in bi hanyar shanu har wajen Ambursa in dawo. Yashi da gargada da ɗan kwari, su ke nan.

Baban Ilham Zuru:
Bari in sa baki tunda ni na taɓa shan wannan ruwan. Shekara uku da suka wuce na ɗora kifaffen gaba a tsohon Suzuki na. Mai sayarwa ya ce min "zai shiga kai tsaye", to wallahi wata biyu mashin na kan bulo. Farko sandar wuya ba ta yi daidai ba, ta fi ramin firem tsawo kuma boris ɗin ba girma ɗaya ba. Sai da muka kai wa mai juyin ƙarfe ya danne tsohuwar sandar ya fitar, ya yi mata hannun riga, ya dasa ta a sabon kilam. Mun gama wannan sai muka tarar in ka karya kai har ƙarshe ƙafar shokan na dukan tanki, don kifaffe a sama yake da ƙiba. Muka yi walda muka ƙara matokari, sai kwana ta ragu, a lungu sai na yi ribas sau biyu kamar mai tirela. Kai kuma naka mai ruwa ne, akwai lagireto a wurin, ka auna da kyau. Sannan tsawo: in sabon ya fi tsohon tsawo, gaba ya ɗaga, mashin ya ƙi shan kwana, in ya fi gajarta kuma kai ya riƙa rawa a yashi in ka ba shi wuta. Ban ce bai yi daɗi ba daga ƙarshe, a duwatsun nan namu na Zuru ya yi. Amma da ya yi daɗin sai ya tona asirin shokan baya, gaba na shanye dutse baya na harbina sama kamar jaki. Ka ga wani kashe kuɗin ya taso.

Ɗan Gesse:
Amma shi Yamaha zai ɗora wa Yamaha, ba kamar naka ba.

Baban Ilham Zuru:
Ƙanena sunan kamfani ba ya shiga rami, awo ne ke shiga. Ya ce wa mutumin Kano ya auno masa tsawon sandar wuya, kaurinta sama da ƙasa, da tsawon ƙafa daga murfi zuwa tsakiyar aksil. Ya kuma ɗauko hoton ƙarfen mai sheƙi kusa-kusa. A kifaffe wannan ƙarfen a ƙasa yake inda tsakuwa ke dukansa, in yana da ƙwarzane ko tsatsa ta ci shi, sil ɗin duniya ba zai riƙe mai ba, kuma man kan faifan birki zai riƙa sauka.

Oga Sani Argungu:
Awo. Kuma ku tambayi kanku, in sil nai ya mutu ina za a samu nan Birnin Kebbi? Sai an aika Legas ko Nnewi a jira. Ni ba ni ƙin sabon abu, amma abin da ba ka iya gyara garinku aro na.

Injiniya Nura:
To akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata. Wani kamfani a Amurka, Race Tech, na Paul Thede, suna yin wani ɗan bawul da suke kira Gold Valve emuleta, don irin shokan Bashar aka yi shi. Girmansa bai wuce murfin kwalba ba. Yadda ake yi, za ka ciro sandar nan mai huji ka ƙara mata huji manya, galibi guda 6 na mili 8 amma takardar da ta zo da shi za ka bi, har ya zama hujin ba sa tare mai kwata-kwata. Sai ka ɗora bawul ɗin a kan sandar, babban sifirin ya danne shi. Shi bawul ɗin yana da ɗan faifai da ƙaramin sifirin nasa: matsi a hankali man ya bi ta ƙaramin huji, kai ba ya nutsewa da yawa, bugu mai ƙarfi kuma faifan ya ɗage man ya wuce. Wato ya kwaikwayi katirij a wurin matsewa. Dawowar shokan kuma kaurin mai ne ke riƙe da ita, yawanci lamba 15 ake sa wa. Tayarka, birkinka, kilam ɗinka duk suna nan yadda suke. Illarsa biyu: sai an yo odarsa daga waje da dala, kuma in ka huda sandar ba komawa baya, in ka cire bawul ɗin shokan ya zama lilo.

Kabiru Jega:
Injiniya murfin kwalba da dala? Oga Sani ba za ka ƙera mana na gida ba?

Oga Sani Argungu:
Kabiru in nig ga guda da idona na auna shi, sai mu gani. Amma ban yi ma mutum gwaji da wuyanai.

Malam Habu Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa ina murmushi. Mu da muka yi aikin gona a kan AG200, daga Bunza har Dakingari ba ƙauyen da ban shiga ba, shokan da bai kai rabin na Bashar ba. Abin da nake so in ce kawai a kan mai ne. Yaran gareji da yawa baƙin man inji suke ɗurawa a shoka, wai ai mai mai ne. Da sanyin safiya lokacin hunturu sai shokan ya yi tauri kamar taɓarya, rana ta take kuma ya saki. Mu a da jan man giyar mota otomatik muke sawa, ATF, kuma ba ƙirƙirarmu ba ce, tsofaffin littattafan Honda ma shi suka rubuta wa mashina da yawa. In ba a samu man shoka na ainihi ba ya fi baƙin mai nesa ba kusa ba. Sannan Bashar, mashin ɗinka ta Nijar ya fito ko? Ka riƙe shi da kyau, ƙasar nan ta ga mashina. Tseren Faris zuwa Dakar ta Agadas da Yamai ya riƙa bi a shekarun 1980, kuma wanda ya fara cinye shi a 1979, Cyril Neveu, Yamaha XT500 ya hau, shokansa irin mai hujin nan ne da kuke rainawa.

Ɗan Gesse:
Baba Malam ai su ma da sun samu kifaffe a lokacin da gudu za su karɓa 😄

Malam Habu Mai Ritaya:
Haka ne ɗana. Amma da abin da ke hannunsu suka isa Dakar.

Bashar BK:
Na gode ƙwarai. To in zan bi shawarar Oga Sani in fara kwancewa, me da me zan duba? Kuma wani ya ce min in yanko fayif ɗin ruwa in cusa a kan sifirin zai yi ƙarfi, gaskiya ne?

Injiniya Nura:
Wannan maganar fayif ita ce ƙaryar da ta fi yawo a gareji. Fayif ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, ɗaga mashin kawai yake yi. Sifirin da ke buƙatar kilo 30 kafin ya matse mili 100, ko ka cusa masa fayif kamu guda, kowane ƙarin mili 100 kilo 30 ɗin dai zai ci. Abin da za ka samu shi ne farkon tafiyar ya yi tauri, shokan ya riƙa dawowa da ƙarfi yana ƙwanƙwasa sama, kuma a babban rami ya buga ƙasa kamar da. Danni kaɗan ake so, mili 5 zuwa 10 ya isa.

Ga yadda za ka san ƙarfin naka ba tare da wata na'ura ba. Samo sikelin da ake auna shinkafa ko na tsayawa, ka zura sifirin cikin fayif don kada ya lanƙwashe, ka ɗora a kan sikelin ka danna da sanda. Danna mili 20 tukuna ka rubuta kilo, sannan ka ƙara mili 100 ka sake rubutawa. Bambancin ka raba da 100. In ka samu kilo 0.30 a kowane mili ko kusa da haka to ya yi maka laushi, mai kilo 88 a irin wannan mashin ni zan nema masa wajen 0.40 zuwa 0.44. In ba a samu sabo ba ana yanke sifirin, kuma abin mamaki yankewa ƙarfi take ƙara masa: ka cire zagaye ɗaya cikin goma, 0.30 ya koma kusan 0.33, sai ka cike gurbin da fayif. Amma kada a yi zari, ka haɗa tazarar da ke tsakanin zagayen duka ka tabbatar ta fi tafiyar shokan, in ba haka ba sifirin zai haɗe jikinsa kafin shokan ya ƙare tafiya, wannan kuma ƙwam ɗin ya fi na yanzu muni.

Mai kuma kada ka auna da kwalba. Cire sifirin, zuba mai, ka yi ta ja da turawa har kumfa ta daina fitowa, ka matse shokan har ƙasa, sannan ka auna daga bakin fayif zuwa saman man. In kana da littafin mashin bi abin da ya ce, in babu fara da mili 150, ƙafa biyun su zo daidai. Sirinji da tiyon ƙarin ruwa sun isa zuƙe rarar. Iskar da ta rage a sama ita ma sifirin ce, amma sai can ƙarshen tafiya take aiki. In yana buga ƙasa ƙara mai mili 10, ka gwada, kada ka ƙara da yawa lokaci guda. Kuma in murfin naka na da bakin iska irin na taya, kada ka kai wa mai faci ya ɗura, ɗage tayar gaba sama ka danna ka fitar da wadda ta taru ma.

Oga Sani Argungu:
Injiniya ya gama magana. Abin da zan ƙara na hannu na. In ka hidda fayif ɗin mai sheƙi, aza shi bisa gilashi ko tebur mai santsi ka mirgina, in ya tanƙware za ka ga haske na shiga ƙarƙashi. Bi shi da farce, duk inda farce ya tsaya nan na ka yanka sil, a goge da samfefa mai laushi ƙwarai da ɗan mai. Bushin kuma duba baƙin ruhin da ab bisa, in ya cinye har jan ƙarhe ya hito, jefar. Wurin sa sabon sil ka rufe bakin fayif da leda ka shafa mai, kada kaihin ya tsage shi tun bai fara aiki ba, kuma kada yaro ya buga shi da sukundireba. Sannan notin gindi, ka kwance shi tun sifirin na ciki yana danne, in ka hidda sifirin tukuna sandar ta dinga juyawa tare da noti har ka yi zuhwa. Wurin maidawa kada ka ɗaure notukan aksil sai ka danna kai sau biyar shida ƙahwahun sun zauna da kansu. Mashin nawa anka kawo min wai shoka ya ƙage, ashe ɗaurin gaggawa na.

Admin:
Muhawara ta yi daɗi, Allah ya ƙara basira. Tunatarwa ɗaya Bashar: YZ ba fitila ba lamba, ga ƙara kamar injin niƙa, kuma kowa ya san halin da ake ciki game da mashina a daji yanzu. Riƙe takardun saye a jikinka, ka sanar da mai gari ko 'yan sintiri inda kake wasa, kada ka yi nisa kai kaɗai, kada ka kai magariba. Hular kwano kuma ba ado ba ce.

Bashar BK:
In sha Allah Admin. Asabar zan ɗora shi a Kiyari in kai wa Oga Sani Argungu, a gabana za a buɗe.

Kabiru Jega:
Ka taho mana da kifi.

Bashar BK:
Salam 'yan gida, ga rahoto kamar yadda na yi alkawari, kwana tara ke nan. Wallahi kunya ta kama ni a garejin Oga Sani. Ƙafar hagu da muka juye, abin da ya fito bai cika kofin shayi ba, toka-toka kamar kunun kanwa. Ta dama kuwa baƙin man inji ne cike har wuya, mai kauri kamar zuma. Wato shekara guda ƙafa ɗaya ke aiki ɗaya na rakiya. Bushin duka huɗun sun cinye. A kan sifirin na dama mun tarar da wani ya cusa soket ɗin sifana guda biyu, na hagu babu komai. Fayif ɗin Alhamdulillah ba su tanƙware ba, tsatsa ɗigo uku ce can sama inda sil ba ya kaiwa. Mun auna sifirin a sikelin mai shinkafa na maƙwabcinsa, mutumin na ta kallonmu kamar mun taɓu, ya ba mu 0.31. Oga ya yanke zagaye kaɗan ya dasa bakin ya kwanta, muka sake aunawa 0.35, ya ce iyakar abin da zai yarda ya yanka ke nan. Sil da bushin daga Legas aka sako su a mota, su suka ci kwanakin. Mun sa ATF a mili 150, na gwada ya buga ƙasa sau ɗaya a kwarin nan, muka ƙara mai har tazarar ta koma 140 ya daina. Nutsewar birki ta ragu sosai. Amma gaskiyar Injiniya ta fito, a haƙarƙarin burji in na wuce giya uku har yanzu yana dukan hannu, ba kamar da ba amma yana nan.

Injiniya Nura:
Madalla. Wannan ragowar hujin ne, ba mai ba ne ba sifirin ba ne, kada ka wahalar da kanka da canje-canjen mai. In ka samu mai zuwa daga waje ya riƙo maka emuleta da sifirin 0.42, ka auna faɗin cikin fayif ɗin da saman sandar kafin ka yi oda don suna da girma daban-daban. Kuma shi bawul ɗin na ƙara tsawo a ƙarƙashin sifirin, sai an rage fayif ɗin danni daidai da kaurinsa.

Ɗan Gesse:
Ina taya ka murna Oga, amma ni har yanzu birkin nan ne bai kwanta min ba. Kawasaki tun 1982 suka sa faifai a gaba, Honda 1984, Yamaha ma shekara ɗaya bayan naka, 1985, suka bar ganga. Ka shiga ruwan fadama da damina ka fito ka ja birki ka gani.

Oga Sani Argungu:
Nan kam yaron ga ya yi gaskiya, ganga in ta sha ruwa sai addu'a. Amma birkin wanga mai harshe biyu na, in anka saita hannuwan biyu suka kama lokaci guda yana tsayawa. Na Bashar man shoka ya jiƙa takalman, na ce ya sawo sabbi bai sawo ba.

Bashar BK:
Oga wallahi kuɗin ne suka ƙare a sil 🙈 Ƙarshen wata in sha Allah.

Baban Ilham Zuru:
Bashar, mutumin Ƙofar Ruwa fa, ya sayar da kifaffen ko yana nan? In yana nan turo min lambarsa ta akwati, akwai wani DT a nan da nake wa kallon kwana biyu.

Kabiru Jega:
Baban Ilham kai da ka ce wata biyu mashin na kan bulo??

Baban Ilham Zuru:
Ai bulon na nan ban mayar ba.